Ɗakin Holga a Kwamfutar Baba Kalilu

"Jama'a, ana cigiya!" in ji lasifikar masallacin unguwarmu bayan sallar la'asar. "Duk wanda ya san wani Bature mai suna Holga, dogo, mai jan gemu, yana da farin kare da ƙaramin jirgin ruwa, to ya shaida masa kayansa na nan gidan Malam Kalilu mai kaset, bayan rijiyar Kusugu."

Ina tsakar gida ina wanke-wanke, dariya ta sa na saki kwano. Maigidana Hafizu ya dawo daga masallaci yana hararata, wai ni na jawo wa unguwa abin magana. Ni kuwa ba abin da na yi illa faɗin gaskiya.

Baba Kalilu maƙwabcinmu ne, katanga ce kawai tsakaninmu. Ya tsufa yana sayar da kaset a bakin kasuwa, kuma ba a suna ko biki ko saukar karatu a unguwar nan bai kafa rikodarsa ba. Da ya ga zaren kaset ɗin ya fara mannewa, sai ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo a Kano, ya ce zai juye muryoyin mutane ciki kafin su ruɓe. Ni ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, saboda haka na zama injiniyarsa, ana biyana da albarka.

Ana cikin haka ciwo ya kayar da shi. Asibiti suka sallamo shi gida, irin sallamar da kowa ya gane. A makon ne kuma kwamfutar ta ce ta cika, ko tari ba za ta ƙara ɗauka ba. Ga kwali guda na kaset ba a juye ba, a ciki har da wanda ya hana shi sukuni: muryar matarsa marigayiya Barakatu, ba kuma wani kaset a duniya da ke da ita. Zaren ya riga ya yi laushi. Baba ya ce sau ɗaya ya rage masa ya juya, in ya juya ba a kama ba, shi ke nan.

"Baba, ba cika ta yi ba," na ce masa. "Rumbunta ne aka raba gida biyu. Kai kana ta cusa kaya a ƙaramin ɗaki, babban yana can kusan fayau. Sai a rushe bangon tsakani a haɗe su, ka samu fili har ka gaji."

"Wancan ai ɗakin Holga ne."

Holga shi ne mai kwamfutar na farko, can wata ƙasa mai ƙanƙara. Sunansa ne rubuce a kan ɓangaren, a ciki kuwa hotunansa ne: shi da kare, kare shi kaɗai, kare a jirgi, kare da hula. Tun da Baba ya gan su bai taɓa yarda an ajiye ko sallama a wurin ba.

"To a share," na ce.

"A share? Saudatu, so kike in tashi gaban Allah wani Bature ya riƙe mini riga yana tambayata karensa? Ni da ko Turanci ba na ji?"

"Ai ka saya, Baba."

"Akwatin na saya. Ban sayi kare ba."

Na ce a kwashe hotunan a zuba a faifai. Ya ce ba a fitar da kayan baƙo a bayan idonsa. Haushi ya kama ni sosai, har na ce masa taurin kansa ya fi ciwonsa tsanani. Ya ce ya ji, amma a kira liman.

Liman Maharazu ya zo, ya zauna bakin gado, aka nuna masa kare tun daga farko har ƙarshe. Ya ce wannan tsintuwa ce, hukuncinta kuma cigiya ta shekara guda.

"Liman, kalle ni da kyau," in ji Baba. "Ka ga shekara a jikina?"

Liman ya shafa gemu. Sannan ya ce a yi cigiya iya abin da ya samu, a kwashe kayan a faifai gaban shaidu biyu a damƙa masa amana, fili kuwa na wanda ya sayi akwati ne. Haka aka yi har maganar ta kai lasifika. Mutum ɗaya ne ya amsa, wani dattijo daga Sandamu, ya ce ya san Baturen da ya taɓa gina musu rijiya, amma wancan baƙin gemu gare shi, kuma tsoron kare yake yi.

Ranar Asabar da hantsi muka taru a ɗakin Baba. Shaidu su ne Hafizu da Auta mai aski, wanda ya ara mana janareto saboda an ɗauke wuta tun jiya. Na zuba hotunan a faifai, na sake buɗe su aka gani.

"Kun shaida?" in ji liman.

"Na shaida kare ne, fari," in ji Auta.

Liman ya naɗe faifan a hankici ya sa a aljihu. Ni kuma na gaya musu gaskiya: in wuta ta katse ana tsakiyar haɗawa, komai na iya tafiya.

"Har na Holga?"

"Nasa yana aljihun liman, Baba."

"To alhamdu lillahi."

"Naka fa nake nufi!"

"Yi aikinki, 'yar nan."

Na yi bisimilla na danna. Wani shuɗin layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfutar, manyan maza suka zuba masa ido kamar masu duban wata. Ya kai rabi ke nan janareto ya fara tari. Auta ya fita a guje ba takalmi, muna jin sa a zaure yana lallashin injin yana kiransa "ranka ya daɗe". Hafizu, mai cewa na jawo abin magana, ya fi kowa ɗaga murya da salati. Ni dai ban ɗauke ido daga kwamfutar ba, domin na san muryoyin unguwa gaba ɗaya suna cikin layin nan, rabinsu kuma masu su suna maƙabarta. Injin ya yi tari na ƙarshe ya daidaita. Layin ya kai bango, kwamfutar ta mutu ta tashi, sai ga ɗaki ɗaya babba, fiye da rabinsa babu komai.

"Sa na Barakatu," in ji Baba.

Na jona rikoda da kwamfutar, na sa ta fara ɗauka, na danna. Aka ji shuu, sai muryar wani saurayi mai ji da kansa: "Gwaji, gwaji. Nan Kalilu ne ke magana daga Daura."

"Kalilu, wai kai da wa kake magana?" wata murya ta katse shi, siririya, mai kaifi. "Tuwo ya huce. Kashe abin nan!"

"Na kashe."

"Ƙarya kake, ga shi nan yana juyawa."

Baba ya yi dariya har ta zame masa tari, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. "Wallahi ƙarya nake," ya ce, ya lumshe ido.

Bai kashe ɗin ba kuwa. Kaset ya ci gaba da ɗaukar tsakar gidansu na wancan zamani: ƙarar murfin kwano, ruwan wanke hannu, kaza tana ƙorafi. Muka ci gaba da saurare, mun ɗauka barci ne ya ɗauke Baba. Liman ne ya fara lura. Ya matsa ya taɓa wuyansa, ya yi salati a hankali, ya shafe masa ido.

Kuka ya zo mini, na miƙa hannu zan tsayar da rikodar.

"Bar shi, Saudatu," in ji liman. "Bai kai ƙarshe ba."

Na janye hannuna. Muka zauna a tabarma, janareto na ta gunji a zaure, zaren yana juyawa a hankali. Daga cikin 'yar lasifikar mutum biyu suna cin tuwo ba mai magana, can sai Barakatu ta ce, "Miƙo kwanon in ƙara maka miya."