Takalmin da Ke Gindin Motar Shaukat

Zebunnisa ta buga tafin hannunta a kan teburin magatakardan kotu, har shayinsa ya fantsale.

"Sake faɗa mini, ɗan nan. Kunnena ya tsufa."

"An ɗaga shari'a, Khala. Ba a kawo wanda ake tuhuma ba," in ji shi. Khala ita ce Gwaggo a harshensu.

"Guduwa ya yi?"

"Ina zai gudu? Yana kurkuku. Tun da aka hana belin ɓarayin mota, kurkuku ya cika maƙil. Motar fursunoni ɗaya ce, layi bai zo kansa ba."

Ita ma ta yi tattaki don wannan doka. Da aka sace 'yar Suzukin da ɗanta Shaukat yake dakon kayan miya da ita a Karachi, an kama ɓarawon, aka gano motar. Sai ta ji ashe an sha kama shi ana ba da belinsa kafin shayi ya huce. Ta shiga gaban mata, ta yi ihu har muryarta ta dishe. Ranar da aka sauya doka ta raba alewar jalebi a unguwa. Yanzu ga ɓarawo a tsare, ga mota ma a tsare, wai ita ce shaida. Ta nemi a ba ta ajiyar motar, aka ce sai ranar zama. Shaukat kuwa buhun albasa yake ɗauka a ka, da bayansa mai ciwo.

"To ni in je in goyo ɓarawon in kawo muku?"

"Khala, akwai mutane a bayanki."

Ta hau bas zuwa filin da ake tara motocin shaida. Suzukin tana can ƙurya, an ɗora ta kan bulo. Wancan zuwan tayoyin gaba ne babu. Yau har na baya, da fitilu. Kaza ta yi sheƙa a kujerar direba.

"Ina tayoyina?" ta tambayi ɗan sandan da ke gadi.

Ya ci gaba da taunar ganyen pan mai rina baki ja. "Haka na tarar da ita."

"Ɓarawon nan aƙalla da ƙafafunta ya bar ta. Ku ne kuka gurgunta ta."

"Ki iya bakinki, tsohuwa."

Ta durƙusa da ƙyar. Ƙarƙashin ƙarfen baya, tsohon takalmin marigayi mijinta yana nan yana reto, wanda ya ɗaura da baƙin ƙyalle saboda kambun baka. Shi kaɗai ba wanda ya ga amfanin ɗauka. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin.

"Ajiye," in ji ɗan sandan. "Duk abin da ke jikin mota shaida ne."

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta cusa takalmin cikin mayafinta.

"To na saci kayan mota a gabanka. Kama ni. An ce yanzu babu beli, ko? Sai in haɗu da ɓarawon a can, in tambaye shi ranar da za a yi shari'armu."

Ta miƙa masa hannayenta biyu, ta jira. Ya tofar da jan yawu gefe, ya juya mata baya.

A cikin bas ta rungume takalmin a cinya. Ba ta san me za ta ce wa Shaukat ba. Da safe ya roƙe ta ta tayar masa da injin, don kada batir ya mutu.