Tarwaɗa Ta Koma Ruwa

Tun tana 'yar makaranta ake ce mata Tarwaɗa, domin in ta faɗa ruwa ba mai iya kamo ta. Ta ci gasar iyo iri-iri, har ana maganar fita da ita ƙasar waje. Ana cikin haka mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayanta kuma yana wani gari da iyalinsa, sai jinya ta hau kanta. Ta ce wa kocinta za ta ɗan huta. Hutun nan ya cinye shekara goma sha wani abu. Da rana tana sayar da magani a kemis, da yamma ta juya tsoho, ta shafa masa mai, ta ba shi abinci a baki.

Da Allah ya karɓi ransa, 'yan gaisuwa suka watse, gidan ya yi mata girma. Takan tashi da sassafe ta ɗora ruwan wankansa, sai ya tafasa sannan ta tuna. Ranar da ta tsinci kanta tana yi wa keken guragunsa magana, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta ciro kayan iyonta. Robar ta mutu, tana ja ta tsinke. Ta je kasuwa ta sayi sabo.

Wurin iyon yana nan, da warin maganin ruwa da ta sani, amma ba fuskar da ta gane. Tsohon koci ya daɗe da ajiye aiki. Wanda ya gaje shi, wani dogo mai usur a wuya, ya tare ta da fara'a.

"Sannu da zuwa, Anti. Ina yaran da kika kawo?"

"Ni na kawo kaina," in ji ta.

Ya yi dariya, da ya ga ba ta yi ba ya haɗiye tasa. Ya nuna mata layin ƙarshe, na jikin bango.

Hannunta da ƙafarta ba su manta komai ba, ƙirjinta ne ya ƙi. Kafin ta kai ɗaya gefen numfashi ya ƙwace mata, ta riƙe bakin bango tana tari, idonta jawur. Washegari da ƙyar ta iya ɗaga hannu ta sauko wa mai saye da magani daga kanta a kemis. Duk da haka ta koma, ta sake komawa. 'Yan matan ƙungiyar iyon suna girmama ta, su gaishe ta har da rusunawa, amma da ta shiga ɗakin canja kaya sai hira ta mutu. Takan shirya da sauri ta ba su wuri, tana kaiwa ƙofa ta ji shewa ta dawo.

Bayan wasu watanni koci ya ce akwai gasa, ko za ta shiga? Ta ce ya sa ta. Da ta koma gida ta rasa wa za ta faɗa wa, sai ta kira yayanta.

"Ke Tarwaɗa!" ya ce. "Ai na ɗauka kin zama banda tuntuni."

"Yaya, da gaske nake. Ranar Asabar ce."

"To, in Allah ya yarda zan zo da yara, su ga gwaggonsu."

Ranar Asabar tana cikin sa hular roba ya bugo, wai mota ta ƙi tashi, ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, a gaida yara.

Benci ya cika da iyaye, kowa yana ƙwala wa tasa kira. Da aka faɗi sunanta, mutum biyu ko uku suka tafa don kara. Ta hau dakalin bakin ruwa. Aka busa usur.

Cikin ruwa hayaniya ta ɗauke, sai bugun zuciyarta. Zuwan farko tana kafaɗa da kafaɗa da ta kusa da ita, har wani daɗi da ta manta ɗanɗanonsa ya taso mata. A dawowa hannuwanta suka yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu. Tana gani aka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Ta cije ta ci gaba da ja har tafinta ya bugi bango. Mutum ɗaya kawai ta riga.

Koci ya durƙusa a bakin ruwa. "Anti, juyinki a bango ya fi na kowa kyau. Numfashi ne saura. Ki zo Litinin mu fara."

Ta gyaɗa kai tana haki.

A motar haya ta zauna jikin taga, jakarta tana ɗiga a cinyarta. Ta isa gida ta shanya kayan a igiya, ta zuba abinci ta cinye tas, har ta ƙara, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ran Litinin ta riga mai gadi isa, ta zauna a bakin ƙofa tana jira ya zo ya buɗe.