Ƙarshen Layi a Dajin Turare

Tun da Talile ta dawo daga asibiti, ƙafafunta suka zama kamar na aro. Da safe takan zauna a bakin gado ta daɗe tana kallonsu, sirara, shiru, kamar suna jiran mai su ya zo ya karɓa. Ciwon huhu ne ya kwantar da ita tun saukar ruwan farko, bai sake ta ba sai da sha'ir ya fara fitar da kai a gonakin garinsu, Bokoji.

Kafin ciwon, ita ce mai jan layi. 'Yan matan kulob ɗinsu na tsere in sun shiga dajin turare da sassafe ba sa gudu a warwatse. Layi guda suke yi, kowacce idonta a kan dugadugan ta gabanta, inda waccan ta ɗaga ƙafa nan wannan take sauke tata. Ta gaba ce kaɗai ke kallon daji. Ita ke zaɓar hanya a tsakanin itatuwa, in ta ga saiwa ko dutse sai ta sauke hannu ta ƙyasta yatsa, ta bayanta ma ta ƙyasta, har ƙarar ta gangara ƙarshen layi. Kowa ya san ta gaba ce ke ɗauke wa sauran nauyi, na baya kuwa ƙarfinta suke sha. Shi ya sa ake yin karɓa-karɓa. Talile ce dai ba ta cika son a karɓe ta ba.

A asibiti, lokacin da zazzaɓi ke hawa da sauka da ita, ruwan da ake ƙara mata yakan ɗiga a cikin 'yar robarsa, ita kuma sai ta ji ƙyas, ƙyas. Sai ta ga rufin ɗakin ya zama daji, itatuwan sun zuro kawunansu ƙasa, ga layin 'yan mata yana ratsa su ba ƙarar sawu. Takan ɗaga ƙafa a cikin bargo don kada ta yi tuntuɓe.

Tana gidan kakarta, Akko, tana jinya, sai ga kocinsu Obbo Jarso ya zo, da hularsa ta ulu da ba ya cirewa ko a tsakiyar rana. Akko ta soya gahawa ta daka, ƙamshi ya cika ɗakin. Sai da ya sha kofi na biyu sannan ya yi maganar da ta kawo shi.

"Likita ya ce kina iya fara gudu a hankali. To, amma masu kulob sun matsa mini a kan gadonki na sansanin horo, akwai mai jira." Ya juya kofin a hannunsa. "Asabar ɗin ƙarshen wata za a yi dogon gudu a daji. In kin fito tare da layi, gadonki na nan. In kin fito ke kaɗai, ki zauna wajen Akko sai baɗi."

Duk wadda aka ce wa sai baɗi, ba a sake ganinta a daji.

"Wannan?" in ji Akko, tana nuna ta da cokali. "Jiya kaza ta tsere mata a tsakar gidan nan. Kazar ma gurguwa."

"Akko!"

"Ƙarya na yi? Ku dai ku ba ta lokaci, Obbo. Ni zan cika ta da fate da man shanu, ku kuma ku cika ta da iska."

Haka Talile ta fara zuwa daji kullum da safe, ta tsaya can ƙarshen layi, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba tun tana 'yar makaranta. Dureti ce ke ja yanzu, ƙawarta, doguwa mai baki kamar reza, wadda suka shekara suna raba bargo ɗaya a sansani. Talile ba ta yarda ta manne wa ta gabanta ba. Takan bar fili a tsakani. A ranta tana ganin ba daidai ba ne ta sha ƙarfin mutane alhali ba ta da ranar da za ta ja su. Filin nan kuwa shi yake cinye ta. Ba sawun da za ta bi, iska na dukan ƙirjinta kai tsaye, kafin a yi nisa numfashinta ya fara kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba, sai ta tsaya ta dafa itace, ta ga layin yana shigewa cikin ganye.

Wata safiya bayan gudu suna zaune a kan ciyawa, ana kaɗa basso a gora, garin soyayyen sha'ir da ruwa da ɗan zuma, ana miƙa wa juna. Dureti ta zo ta zube kusa da ita.

"Ke tsohuwa, wai wari ƙafafunmu suke yi?"

"Me kika gani?"

"In na karya kwana ina hango ki. Filin da kike bari, jaki da kayansa zai wuce bai taɓa kowa ba."

Talile ta sunkuyar da kai tana kwance igiyar takalmi. "Ba zan sha ƙarfinku ba, ba ni da na mayarwa."

"Iko sai Allah! Mu da muka shekara muna shan naki, kin taɓa jin mun ce mun gode?" Dureti ta juya wajen sauran. "Kun ji wani abu kuma? Tana can ƙarshe, ba kowa a bayanta, amma ƙyasta yatsa take yi. Wa kike wa gargaɗi, kuraye?"

Aka kwashe da dariya. Talile ma ta yi, har tari ya sarƙe ta. Ba ta san tana yi ba. Hannun ne bai sami labarin cewa an sauke ta daga gaba ba.

Amma washegari ma sai da ta bar filin.

Ranar Asabar gajimare ya sauko daga kan dutse ya kwanta a cikin dajin. Itatuwan turare suka zama dogayen inuwoyi marasa kai, raɓa na ɗiga daga ganyensu. Obbo Jarso ya tsaya a bakin daji da agogonsa a wuya, ya ce musu su je su dawo, bai kalli Talile ba.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Ana tafiya a hankali, ƙasa ja mai laushi, ƙamshin ganye na buɗe mata ƙirji. Tana hango rigar ta gabanta, shuɗiya, tana lilo a cikin farin. Da aka fara hawa, shuɗin ya dushe ya zama toka-toka. Ta ce a ranta bari ta matsa, sai ta tuna ba ta da na mayarwa, ta yi jinkiri kaɗan. Kafin ta gama shawara rigar ta narke. Ta saurara. Ba sawu, ba ƙyasta, sai ɗigar raɓa.

Ba ta tsaya ba, don ba ta san abin da za ta yi da tsayuwar ba. Ta hagu, in ta bi gangara, za ta faɗa bayan gidan Akko. Har ta ji kamar ƙamshin gahawa na tasowa daga can. Ta ga kanta zaune a ƙofar ɗaki baɗi, da baɗin baɗi, tana tsince sha'ir a faifai, 'yan mata na wucewa a hanya ba su san sunanta ba. Abin bai ma yi mata zafi ba. Wani irin barci-barci ne ya lulluɓe ta, irin na asibiti, har ta fara shakkar ko ta taɓa barin gadon nan, ko dai rufin ɗakin ne ya sake zama daji.

Da yake ba dugadugan da za ta kalla, sai idonta ya koma kan daji kamar da. Ga kututturen da aka sare ya sake tsiro. Ga ramin da ruwa ya ci. Ƙafafun aron nan suka karkata da kansu suka bi ta dama, inda ƙasa ta fi tauri. Wata saiwa ta gitta a gabanta, baƙa, mai santsi. Hannunta ya sauka.

Ƙyas.

Sai ta ji a bayanta: ƙyas. Can baya kuma, ƙyas. Wata kuma can nesa, ƙarama, kamar ɗigon ƙarshe.

Ta ce shi ke nan, zazzaɓin ya dawo. Ta ci gaba da gudu a tsorace, ta ga dutse, ta ƙyasta don ta gwada. Ƙarar ta sake gangarawa bayanta, ɗaya bayan ɗaya, yanzu har da numfashin mutane da takun ƙafafu masu sauka daidai da nata.

"Kar ki waiga, tsohuwa, za ki zubar da mu," in ji muryar Dureti, dab da kafaɗarta.

"Daga ina kuka..." Numfashi bai bar ta ta ƙarasa ba.

"Ɓata muka yi. Farin nan ya cinye mini hanya, muna ta zagaye kamar awaki, sai muka ji wata mahaukaciya tana yi wa kuraye gargaɗi. Fitar da mu."

Dureti ta san dajin nan kamar tsakar gidansu, ko da ido rufe za ta ratsa shi. Talile ta san haka. Ta ja su, a hankali ƙwarai, irin gudun da ko kazar Akko za ta raina, ba wadda ta yi ƙorafi, ba wadda ta taka mata diddige. Suka sauka kwari, suka haura, gajimaren na buɗewa kaɗan a gabanta yana rufewa a bayansu.

A hawa na ƙarshe ƙirjinta ya ƙi. Ƙyauren nan ya fara kuka, gefen idonta ya yi duhu. Da can, a irin wannan wuri, cije baki take yi ta ƙara wuta don kada wata ta karɓe ta. Ta ɗan yi taku kaɗan a haka. Sannan ta matsa gefe, ta yafito da hannu.

Dureti ta wuce gaba. Talile ta faɗa bayanta, dab, ba filin da ko kyanwa za ta bi. Ta sauke ido a kan dugadugan ƙawarta. Safar Dureti ja ce, ta huje a diddigen hagu, fatar na leƙowa tana ɓuya, tana leƙowa tana ɓuya. Talile ta bar dajin, ta bar dutsen, ta bar Asabar ɗin gaba ɗaya, ta riƙe wannan 'yar huda. Inda ta tashi nan take sauka. Sai ta ji kamar an zare mata wani kaya daga ka, kamar wata igiya ce marar ganuwa ke jan ta sama. Ashe haka suke ji, duk shekarun nan.

Hasken rana ne ya fara gaya mata sun fito. Ciyawa, shanu, Obbo Jarso tsaye inda suka bar shi. Layin ya tsaya, ita kuma ta durƙusa ta dafa ƙasa da hannu biyu tana tari, wata na shafa mata baya.

Obbo Jarso ya dubi agogonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Na ɗauka kun tsaya cin kasuwa. Wa ya ja ku yau?"

"Karɓa-karɓa muka yi, Obbo," in ji Dureti, tana kallon sama.

"Hm." Ya gyara hularsa. Ya tako har inda Talile take, ya tsaya yana sauraren numfashinta har ya lafa. "Ke, gobe hutu, kar in ga ƙafarki a daji. Ki ce wa Akko ta haɗo miki bargo mai kauri, sansanin da sanyi bana."

"Ta haɗo da man shanun ma," in ji Dureti. "Ba mu jan mutum kyauta."

Talile ta zauna a kan ciyawa ta miƙe ƙafafunta. Jar laka har gwiwa. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta miƙa hannu a ba ta gorar basso.