Tatacciya da Tatsattsiya

Tela ya iso asibiti da tef ɗin awo rataye a wuyansa, bai ma san da shi ba. Matarsa na kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, jiki zafi zau, haƙora na kaɗawa. Shekara da shekaru da aure, amma har yau Amarya ake ce mata, don babu ɗan da za a kira ta da sunansa. Wannan cikin ne kaɗai ya zauna har ya fito, ga shi tun safe ɗan bai motsa ba.

Surukarsa na bakin gado tana yi wa 'yarta fifita da guntun kwali. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a daƙile.

Likita ta shigo, wata doguwar mata marar son dogon zance. Ta ce gwajin zazzaɓin sauro bai nuna komai ba, sai ta shiga tambayar abin da aka ci da abin da aka sha.

"Madara fa? Kin sha ɗanya?"

"A'a, Likita," in ji Amarya da ƙyar. "Tun da kika hana ni. Tatacciya kawai nake sha, ta kwali, wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Da ta ƙare ma waya na yi wa maigida ya sayo."

Nan take Tela ya ɗago kai. Tatacciya? Ya tuna wayar nan sarai. Kekunan ɗinki na ta gudu a shago, janareton maƙwabci na ihu, shi kuma ya maƙale waya da kafaɗa yana yanka yadi. Abin da kunnensa ya ji shi ne tatsattsiya. Ya yi dariya ya ce kwaɗayin masu ciki ke nan, ya hau babur har bayan gari wajen wani mai shanu, ya tsaya aka tatsa a gabansa, da ɗuminta da kumfarta. Ya zo ya juye a jug ɗin da take ajiye madara cikin firij. Tun ranar haka yake yi, yana ta jin kansa miji na gari. Kai, wauta ma iri-iri ce!

"To," Likita ta ce tana maida biro aljihu, "mu jira sakamakon fitsari zuwa yamma."

Zuwa yamma! Ya dubi cikin nan da ya yi tsit ƙarƙashin zane. Ya dubi surukarsa, matar da bai taɓa haɗa ido da ita ba, wadda dama take cewa tela ba ya jin komai sai ƙarar kekensa. Tsoro da kunya suka kama shi. Likita har ta kai ƙofa.

"Likita!" Muryarsa ta fita fiye da yadda ya so. "Ɗanya ce. Ni na kawo. Daga nonon saniya zuwa firij, ko wuta ba ta gani ba."

Kwalin ya faɗi daga hannun tsohuwa. "Innalillahi! Kai ɗan nan, me ka ce?"

"Inna, tatsattsiya na ji. Wallahi tatsattsiya na ji."

Likita ba ta tsaya faɗa ba. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce an kwana biyu. Ta ƙwala wa nas kira, ta ce a ɗebi jini yanzu, a sa ruwa, a fara allura ba sai an jira sakamako ba. Ta ce akwai ƙwayar cuta a ɗanyar madara da sanyin firij ba ya kashewa, uwa za ta ji ta kamar mura, amma ɗan ciki take nema.

Nas ta yaye zanen, ta shafa mai a cikin, ta ɗora na'urar jin bugun zuciya. Shuuu kawai ake ji. Ta matsa dama, ta koma hagu, ta danna ƙasan cibiya. Inna na ta salati. Tela ya rasa inda zai sa ransa.

Sai ya ji hannu mai zafi ya kama wuyan hannunsa. Amarya ta jawo shi har kunnensa ya kusa bakinta.

"Maigida, na sani," ta raɗa, hawaye na gangara cikin kunnenta. "Tun kurɓar farko na gane ba ta kwali ba ce. Daɗi ta yi min, na yi shiru."

Ya dai riƙe hannun gam.

"Ku yi shiru," in ji nas, ta tsai da na'urar a wuri ɗaya.

Can ƙasa-ƙasa wani ɗan sauti ya fito, da sauri-sauri, yana ɓacewa yana dawowa. Likita ta sunkuya ta saurara, fuskarta ba ta saki ba.

"Yana nan," ta ce. "Yana kokawa. Nas, ina allurar?"