Dankalin Selpina

...ranar Asabar ce, ashirin da bakwai ga Disamba, ranar da muka gasa duwatsun dafa abinci a rami don bikin Kirsimeti. Kada ka ce ka manta, Yairus. Ni na koya maka rubuta kwanan wata, a saman allo, ɓangaren dama, ba hagu ba.

Yau ga ni a bencin baya na coci. Kai kana can gaba da farar riga, dattijon coci guda, kana ɗaga murya a waƙa. Har yau kana cinye ƙarshen kalmomi. Bari dai. Ba wannan ya kawo ni ba.

A ranar Asabar ɗin, ramin na tururi. Maza na ɗauko jajayen duwatsu da tsagaggun sanduna, mata na shimfiɗa ciyawa, sai dankali, sai ganye, naman alade a sama. Kowace mace ta zuba nata, in an buɗe kuma babu mai cewa wannan nawa ne. Haka muka tashi muka tarar. Selpina, matar ɗana, ta sauke jakar saƙarta daga goshi, ta zuba nata. Ita ta haƙo shi, ni na wanke.

Sai ga ka. "Mama Malama, ki yi haƙuri, wannan kam ba zai shiga ba."

Ko hannu ba ka sa ba. Da sandar ɗaukar duwatsu ka riƙa tsintar dankalin kana wurgawa bayan shinge, wajen aladu. Wani daga baya ya ce, "Haba dattijo, ka tausaya wa aladun mana!" Aka bushe da dariya. Na san muryar. Shi ma ya zauna a ajina, da majina har leɓe.

Na ce, "Yairus, wutar da ke fasa dutse ce za ta bar cuta a jikin dankali?"

"Mama, nan ba aji ba ne."

Ba aji ba ne... To ina ne? Ina za a faɗa? Ƙanjamau ba ya bin abinci. Ba ya bin kwano, ba ya bin gaisuwa, ba ya bin benci. Ma'aikaciyar jinya ta zo daga garin Wamena ta tsaya a nan, a kan wannan dakalin, ta faɗa da bakinta. Kai ka yi mata tafinta! Ko bakinka ne kawai ya yi aikin, kunnenka na gida?

Kuma ba Selpina ta kawo shi garin nan ba. Obet ne. Ɗana. Ya tafi bakin teku neman aiki, ya dawo da rediyo da takalmi da wannan. Na binne shi, na kuma faɗi sunan abin da ya kashe shi a bakin kabarinsa, ban ce sammu ba ne, ban ce iska ba ce. Ita kuwa ta karɓi magani. Kullum da safe, ba fashi. Kumatunta suka dawo. Tana hawa tudun nan da kaya a goshi, tana barin 'yan mata a baya suna haki...

Tun ranar Asabar ɗin ba ta ƙara haɗiyar ƙwaya ɗaya ba.

Na roƙa. Na yi faɗa. Na durƙusa, ni, da waɗannan gwiwoyin. Ta juya fuskarta ga bango. "Mama, in sha in rayu a cikin su wa?"

Ma'aikaciyar jinya ta ce in aka daɗe da dainawa, maganin na iya daina kama jiki. Tarin ya dawo. Busasshe, kamar ana karya kara a cikin ɗaki. Wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Kuma na ga itatuwan. Kuna tsammani ba na zuwa rafi? An sare su, an fere, an jingine a ƙarƙashin gangare, inda ba a jiyo muryar gari. 'Yar bukka za a yi wa Selpina a can, wai don ta huta. Wa aka taɓa kaiwa can ya dawo da ƙafarsa? Faɗa mini suna ɗaya, Yairus. Ɗaya tak.

Jiya kuma ka aiko da ɗan alade. Ta bayan gida, a cikin buhu, bakinsa a ɗaure don kada ya yi kuka maƙwabta su ji. Wai a wanke zuciya. Eh, da alade ake biyan laifi a ƙasar nan, na fi ka sani. Amma a fili ake jan sa, da rana tsaka, dangi na kallo, mai laifi na riƙe da igiya. Na mayar maka da abinka. Ba ni ka ɓata wa ba. Ba a ɓoye ka yi ba.

Waƙar ta ƙare. Fasto na gyara tabarau, lokacin sanarwa ya yi. Na ce wa kaina: tashi, Dorkas. Dafa bencin. Kawuna na juyowa... wadda ke kusa da ni ta janye zanenta.

Yau da safe, da na fito... ban ji tarin ba. Na tsaya a bakin ƙofarta? Na leƙa? Barci take yi. Barci ne mana. Ai na ga bargon na motsi. Na gani ne, ko...

Muryar aji, ina kike?

"Yairus Itlay! Miƙe tsaye. Ka sauko, ka bi ni da jama'ar nan duka har ƙofar ɗakinta. Ka kira sunanta da ƙarfi, ka ce ka yi kuskure, ka roƙi gafararta, ka ci abinci daga hannunta kowa na gani. Yanzu, ba bayan an tashi ba. Yanzu, tun tana iya jin ka."