Kwanon Aro

Da Malam Inuwa Ashafa ya san haka kujerar take, da ya yi zamansa a aji da allinsa. Gwamnan soja ne ya tsamo shi ya naɗa shi Kwamishinan Ilimi, daidai lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ga ofis, ga mota mai tuta, amma ko alli za a saya sai an yi taro a kansa.

Damina ta kawo kai, makarantu birjik iska ta yaye musu rufi, kwanon da ya rage a sito kuwa na makaranta ɗaya ne tak. Gwamna ya ce a je a gani da ido, wadda ta fi lalacewa ita za a ba. Ya haɗa shi da wani kyaftin mara son magana, wai ya taya shi gani.

Suka zaga Kudan, suka zaga Makarfi, Malam Inuwa har ya gaji da kallon bango tsagagge. Hankalinsa duk yana kan wata 'yar makaranta a bayan Saulawa, inda ya fara koyarwa. Hedimastanta, Malam Barnaba, abokinsa ne tun suna samari. Da ƙafarsa Barnaba ya je Kaduna ya gaya masa aji uku a buɗe suke ba rufi, da hadari ya haɗo sai a sallami yara. Malam Inuwa ya ja masa kunne: "Kada ku taɓa komai. Ku bar ta yadda take mu zo mu gani."

Ina! Mutanen nan ba su iya ba. A ce malaminsu ya zama kwamishina, ya zo da baƙon soja, ya same su a tsirara? Ranar da suka zo, tun daga nesa Malam Inuwa ya hango rufi yana ƙyalli. An shafa farar ƙasa har duwatsun bakin hanya. An jera bencin coci a manyan azuzuwa, ƙanana an shimfiɗa musu tabarmin masallaci. Kwanon kuwa wani ja, wani mai tsatsa, amma ya rufe ko'ina ruf.

Bayan doguwar gaisuwa, Mai unguwa Sa'idu ya riƙe hannunsa ya raɗa masa, baki har kunne: "Ranka ya daɗe, ba mu bari ka ji kunya ba. Gayya muka yi, mu da 'yan'uwa Kirista. Dattijo Timoti har ɗakin kwanansa ya kware ya ba mu aro."

Malam Inuwa ya dubi Barnaba. Barnaba ya sunkuyar da kai. "Na hana su, Inuwa. Suka ce in ni ba ni da kunya, su suna da ita."

Kyaftin ya leƙa aji ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya fito. "Wannan lafiyarta ƙalau. Su ne ma abin koyi. Kudan za a kai kwano. Ko ba haka ba, Kwamishina?"

Magana ɗaya ce: na aro ne. Ta zo masa har baki. Amma bai manta ba, ba da daɗewa ba aka kama wani hedimasta da laifin rufe wa tawagar gwamna ido, aka sa shi tsallen kwaɗo a gaban ɗalibansa, sannan aka kore shi. Ya kalli furfurar Barnaba. Ya kalli Mai unguwa yana ta murmushi, yana jiran yabo. 

"Haka ne, Kyaftin," in ji shi.

Aka yi tafi. Aka cika masa bayan mota da rake da kaji, ya yi ta godiya, haushinsu da ƙaunarsu duk sun cuɗe masa a ƙirji.

Motar ba ta kai ga shan kwana ba aka yi tsawa daga gabas. Kyaftin ya riga ya lumshe ido. Malam Inuwa ya waiwaya, ya hango maza sun hau rufin suna zare ƙusa da sauri, don dole a mayar wa Timoti kwanonsa kafin ruwa ya sauko. Barnaba na tsaye a tsakar fili yana kaɗa ƙararrawa, yara suna fitowa da gudu za su gida.