Huji Uku a Haƙarƙarin Yaya

Ni kafinta ne, kuma mu da girman yanka muke auna girman aiki. Abin da ya kai ni ya baro ke nan.

Da aka ce an ga cutar kansa a huhun Yaya tun ba ta yi nisa ba, za a yi masa tiyata, sai da na zagaya bayan shago na yi kuka. Shekara ashirin muna aiki tare, shi ya koya mini riƙon zarto. Na zaci tsaga ƙirjinsa za a yi daga sama har ƙasa. Sai ga shi kwana huɗu ya dawo gida da ƙafarsa, ya ɗaga riga ya nuna mini huji uku a haƙarƙari, kowanne filasta ɗaya ta rufe shi. Wai ta nan aka zura kyamara da ƙananan ƙarafa.

"Shi ke nan?" na ce. "Ai yankan da zarto ya yi mini bara ya fi wannan."

Ya yi dariya a hankali, yana dafe da gefensa. "Likita dai ta ce kada in ɗauki abu mai nauyi sai bayan sati shida."

Maganar ta bi ta bayan kunnena. Sati uku ina fama ni kaɗai da katako da masu jiran kaya, shi kuwa sai ya zo ya zauna a benci yana ware ƙusoshi. Haushi ya fara cina. Har tsokanarsa nake yi a gaban mutane: "Ku gaida mai jinya, allura uku aka yi masa."

Ranar da za mu kai wani kabad hawa na uku, direba ya sauke shi a ƙofar gida ya yi gaba. Na dubi kabad, na dubi Yaya.

"Kama mana, Yaya. Ko sai an kawo maka takardar likita?"

Ya naɗe hannun riga ya kama ta ƙasa, inda nauyin yake, kamar yadda ya saba. A hawa na biyu na ji kabad ya tsaya. Da na leƙa, yana zaune a kan matakala, bakinsa a buɗe, yana neman numfashi ba ya samu.

A asibiti aka ce iska ce ke yoyo ta inda aka ɗinke, aka sa masa robar fitar da iskar a ƙirji. Likitar da ta yi masa aikin ta ɗauki biro ta zana mini huhun dama, kashi uku, ta soke ɗaya. "Wannan gaba ɗaya muka cire. Ƙofar ce ƙarama, ba aikin ba." Na rasa inda zan sa fuskata don kunya.

Ta juya wurinsa, ranta a ɓace. "Wa ya sa ka ɗaukar kaya?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"Taurin kaina ne, likita. Ƙanena har hana ni ya yi."

Ta dube ni ta gyaɗa kai. "Madalla. Tunda kai kana jin magana, ka ci gaba da sa masa ido."

Na ce to.